Gudu kaɗai ba ƙwallo ba ne: abin da ya haɗa ni da Yayana a Wurma

Rubutun yau yana da tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare in ya ci tuwo.

Ranar Asabar da ta wuce na je gida Wurma, kuma ban ɓoye maku ba, ba mu rabu da daɗi da Yayana ba. Maganar ƙwallo ce ta haɗa mu. Ba ta Arsenal ko Madrid da ake ta da jijiyar wuya a kanta a gidan kallo ba, ta ɗansa na cikinsa ce, kuma akwai gona a ciki.

Ga yadda abin ya faro. Wata biyu da suka wuce wasu mutane suka yi shelar za su tantance matasa 'yan ƙwallo a cikin garin Katsina. Ba zan faɗi ko su wane ne ba. Yara biyu suka zo daga wajenmu, suka kwana a gidana, da safe na kai su da kaina. Ɗaya ɗan Yayana ne, lamba bakwai yake bugawa, yara na ce mashi Mbappe saboda gudu. Ɗayan abokinsa ne, lamba tara, siriri, ba shi da yawan magana, laƙabinsa Tsoho don a fili kamar ba ya son gudu. Yaran da suka taru a filin sun fi ɗari uku. Aka riƙa raba su sha ɗaya-sha ɗaya, kowane rukuni minti ashirin, a busa usur, wasu su shiga. Masu zaɓen suna zaune a inuwa, ɗaya daga cikinsu rabin lokacin waya yake amsawa.

Namu ya samu ƙwallo sau biyu. A ta biyun ya tura ta gaba, ya bar ɗan baya a tsaye kamar an dasa shi, fili ya ɗauki ihu. Da ya zo bugo ta ciki, sai ta bi ta bayan raga ta faɗa kan masu sayar da ruwa. Amma an riga an rubuta lambarsa. Tsoho kuwa sau huɗu ya taɓa ƙwallo, na ƙirga. Uku a ciki taɓi ɗaya ya yi ya miƙa wa wanda ya fi shi wuri. Sau biyu na ga ya zame ta bayan mai tsaronsa ya tsaya shi kaɗai a gaban gola yana ɗaga hannu, ba wanda ya ba shi, domin a irin wannan rana kowane yaro kansa yake tallatawa. Ba wanda ya tambayi sunansa. Da yamma na sa shi a motar Dutsin-Ma, bai ce komai ba sai "na gode Baba".

Bayan sati uku wani ya kira Yayana, ya ce an samar wa yaro gwaji a ƙasar waje, amma sai an kawo kuɗin fasfo da biza da tikiti da "na takardu". Da aka haɗa lissafi, kuɗin ya yi daidai da jinginar da gonarmu ta bakin fadama, wadda Baba ya bari. Shi ne aka kira ni shawara.

Na ce, "Yaya, yaron nan yana da gudu, Allah Ya ba shi. Amma wallahi bai iya ƙwallo ba tukuna."

Ya dube ni ya ce, "Mi kake nufi? Mutanen da suka san harkar sun zaɓe shi cikin ɗaruruwa, kai da kake zaune ofis kana jan fayil kai ne za ka ce bai iya ba?"

Ban iya ba shi amsa yadda nake so ba a lokacin, don gaba da gabanta, kuma rai ya fara ɓaci. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Na san yaran gidan za su karanta mashi.

Ku yi haƙuri zan ɗan kai ku Amurka, zan dawo.

Akwai wasan da suke kira ƙwallon ƙafa a can, wanda a gaskiya da hannu aka fi yin sa: ƙwallo mai kama da gwanda, ƙartai sanye da hular kwano suna ture juna. Babbar gasarsu ita ce NFL, ƙungiyoyi 32. Ni ma da dariya nake wa wasan, sai da rashin barci ya sa na fara kallo, na kuma riƙa jin sunaye irin namu na Najeriya. Nelson Agholor a Legas aka haife shi. Rome Odunze da Chicago ta ɗauka na 9 a 2024, da Emeka Egbuka da Tampa Bay ta ɗauka na 19 a 2025, duk iyayensu maza 'yan asalin Najeriya ne. Kuma su ukun aiki ɗaya suke yi a fili: masu cafke jifa. Wato akwai mai jifa a tsakiya, su kuma suna fita ta gefe a guje, su kuɓuce wa mai tsaronsu, su cafke ƙwallon a sama. In kana neman kwatankwacinsu a tamu tamaular, to lamba bakwai ne da sha ɗaya da tara.

Su a can ba sayen yara ake yi daga makarantun ƙwallo ba. Duk shekara a ƙarshen Afrilu ana zaman zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i, zagaye bakwai, mutum ɗari biyu da hamsin da 'yan kai. Ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi a kakar da ta wuce ita ke fara zaɓa. A agogonmu wajen ƙarfe ɗayan dare ake farawa. Kafin wannan zama, a ƙarshen Fabrairu, ana tara fitattun yaran a garin Indianapolis a yi masu makon gwaji: a auna tsawo da nauyi da faɗin tafin hannu, likitoci su duba kowace gaɓa, a yi tsalle, a yi hira da su. Amma abin da ya fi jan hankalin 'yan kallo shi ne gudun yadi 40, wato kamar mita 36 da rabi.

To a 2017 wani yaro John Ross ya yi wannan gudun a sakan 4.22, ya kafa tarihin da sai 2024 aka karya shi. Cincinnati ta yi wuf ta ɗauke shi na 9 a duk ƙasar. A shekararsa ta farko ko jifa ɗaya bai cafke ba. Shekara huɗu da ya yi masu, jimillar abin da ya cafke 51, ga rauni yau ga rauni gobe. Wanda aka ɗauka na 10, daf da bayansa, shi ne Patrick Mahomes, mai jifan da ya ci wa Kansas City kofi uku. A dai wannan shekara akwai wani Cooper Kupp, daga ƙaramar jami'ar Eastern Washington, wanda ya yi nasa gudun a sakan 4.62. A ma'auninsu wannan nawa ce. Sai a zagaye na uku aka ɗauke shi, na 69. A kakar 2021 shi kaɗai ya cafke jifa 145, kusan ninki uku na abin da Ross ya tara a shekara huɗu, kuma shi aka ba gwarzon wasan ƙarshe da ƙungiyarsa Rams ta ɗauki kofi. Abin lura, Kupp ba ɓoyayye ba ne. Sama da jifa 400 ya cafke a jami'a, duk a rubuce, duk akwai bidiyo. Agogon gudu ne ya rufe wa mutane ido.

Ba sau ɗaya ba ne. Puka Nacua na 177 aka ɗauka a 2023, ya zo ya cafke 105 a shekararsa ta farko. Shi kansa Jerry Rice, wanda har yau ba a yi kamarsa ba a wannan matsayi, na 16 aka ɗauke shi a 1985, bayan an riga an zaɓi masu cafke jifa biyu a gabansa, don daga ƙaramar makaranta ya fito kuma ana ganin ba shi da wani gudun a zo a gani. Mahaifinsa magini ne, ana ba da labarin cewa cafke bulo a wajen gini ya ƙarfafa mashi hannu. Duk wanda ya taɓa yin lebura ana wurgo mashi tubali yana saman katanga zai gane wannan.

Ga inda nake so Yaya ya saurare ni. Waɗannan mutane suna da kuɗin da ba mu da shi. Suna da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai yawo jami'a-jami'a shekara guda cur suna kallon yara. Suna da bidiyon kowane wasa da yaro ya buga shekara uku ko huɗu. Duk da haka, ranar da suka bari gudu ya ruɗe su, sai su tafka asarar miliyoyin daloli. To ina ga mutum uku a ƙarƙashin rumfa, da minti ashirin, da yara ɗari uku?

Da na bi yadda ƙwararrun cikinsu suke duba mai cafke jifa, sai na ga gudun ma ba shi ne a gaba ba. Abin da suka fi daɗewa a kai shi ne yadda yaro yake kuɓucewa: ya nuna zai yi dama ya karya hagu, ya rage gudu ya sake tashi, ya samar wa kansa taku biyu na sarari a daidai lokacin da ƙwallon zai iso. Sai hannu, sau nawa ƙwallo ta taɓa hannunsa ta faɗi. Sai zuciya, in ya san da ya cafke za a yi mashi karo, zai miƙa hannun ko zai janye? Suna duba me yake yi a lokacin da ba shi za a jefa wa ba, yana tare wa ɗan'uwansa hanya ko yana tafiya kamar an aike shi kasuwa. Suna duba da wa ya kara, don cin raunana ba abin yabo ba ne. Kuma suna duba yana ɗan shekara nawa ya fara fice, domin ɗan 19 da ke wahalar da 'yan 22 daban yake da ɗan 23 da ke wahalar da 'yan 19.

Ku juya waɗannan zuwa tamu ƙwallon, ba abin da ya canza. Yaya taɓin farko yake, ƙwallo tana kwanciya a ƙafarsa ko tana tsalle mita biyar? Yana ɗaga kai kafin ta iso? Ya san lokacin da zai tashi don kada a kama shi da satar gida? Ƙafarsa ta hagu ta hawa mota ce kawai? In an ƙwace ƙwallo a ƙafarsa yana komowa ko yana tsayawa riƙe da ƙugu yana zagin rafali? A duk waɗannan, tsakanina da Allah, Tsoho ya fi ɗanmu. Na kalle su ya fi sau ashirin a filin firamare, lokacin hutu da bukukuwan sallah. Namu in fili ya buɗe ba mai kama shi. In aka samu ɗan baya mai wayo ya ja da baya ya hana shi sarari, shi ke nan, an kashe fitila.

Na san abin da wasu za su ce: Ahmed Musa fa, ba gudu ne ya kai shi ba? Gaskiya ne yana da gudu, kuma ban ce gudu ba ni'ima ba ne, shi ne abin da koci ba zai iya koya maka ba. Amma ku tuna ƙwallonsa ta farko a ragar Iceland a gasar duniya ta 2018. Victor Moses ya bugo, ya miƙa ƙafa ya sauke ta a sama, ya ɗirka kafin ta zauna. Wannan ba gudu ba ne, taɓi ne da natsuwa. Kuma kafin ya tafi VVV-Venlo ta Holan a 2010, sai da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Kano Pillars, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar Najeriya. Turawan ba minti ashirin suka kalla ba, kaka guda suka gani a rubuce, a gaban manyan 'yan baya, gida da waje.

Gwajin kwana ɗaya kuma yana yin ƙarya ta ɗaya gefen. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, ya tafi Wolfsburg ta Jamus bai ci ko ɗaya ba. A 2018 ya je gwaji ƙungiyoyi biyu a Beljiyam, Zulte Waregem da Club Brugge, bai gama warwarewa daga zazzaɓin cizon sauro ba, duk suka ce ba sa so. Charleroi ta karɓe shi aro. Shekara biyu bayan nan Napoli ta saye shi daga Lille a kan kusan Yuro miliyan 70, a 2023 ya zama gwarzon Afirka. In Osimhen zai faɗi gwaji don jikinsa ba daɗi a wannan makon, to yaron da ya taso daga Kurfi da asuba bai karya ba, ya sha rana awa biyar yana jiran layi, me ake tsammani ya nuna?

Sai maganar shekaru, wadda ba ma son a taɓa. Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Ba ƙasar da ta kai mu. Amma babbar tawagarmu ba ta taɓa wuce zagaye na biyu a gasar duniya ba. A 2016 yara 26 na tawagar matasanmu suka faɗi gwajin ƙashin wuyan hannu da ake yi don gane shekaru, ana gab da wasa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Ba tsokanar kowa nake ba, a gidanmu ma an yi. A takardar da aka cike wa ɗanmu an rubuta 16. Ni na je sunansa, ina shekarar farko a aiki. Ya cika ashirin. Kuma wannan yana cikin abin da ya sa gudunsa ya yi fice a ranar: cikin ƙannensa aka sa shi. Ga wani abin kuma, dokar FIFA ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da 18 wata ƙasa ya sa hannu a ƙungiya, sai a wasu 'yan keɓaɓɓun yanayi da ba su shafe mu ba. To in mai kiran wayar ya yarda yaron 16 ne, ina zai kai shi? In kuma ya san ba 16 ba ne, me ya sa ya yi shiru? Ƙungiyar da take son yaro da gaske takan aiko da takardar gayyata mai sunanta, wadda za a iya kira a tabbatar. Na nemi a turo min ita, yau kwana tara.

Yaya ya ce ni mai jan fayil ne. Na karɓa. Shekara ashirin ina aikin gwamnati, kuma babban abin da na koya shi ne, abin da ba a rubuta ba kamar bai faru ba. Mu ma ba mu tsira ba, na ga an ɗauki mutum aiki da hirar minti biyar don ya iya Turanci da sa kaya, ko don ya zo da 'yar takarda daga wani babba, aka bar wanda ya san aikin. Amma ko banza in rigima ta tashi akwai fayil da za a buɗe. Ƙwallonmu ta karkara ko wannan ba ta da shi. Ana gasar cin kofi a Kurfi da Dutsin-Ma kusan duk shekara, wani ɗan siyasa ya sa kofi, a yi wasan ƙarshe a yi hoto, a watse. Ka tambayi wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar bara, sai a fara musu. Ba wanda ya rubuta. Yaro zai yi shekara biyar yana buga wa ƙungiyar garinsu, ranar da zai je tantancewa ba shi da abin nunawa sai bakinsa.

Kuma rashin rubutun nan asarar kuɗi ce ma. A dokar FIFA, in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, kashi 5 cikin ɗari na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma sai ƙungiyar da ke da rajista, kuma sunan yaron yana cikin rajistarta. Kocinmu na ƙauye da yake sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, yake ɗinke raga da igiyar buhu, ko yaronsa ya kai Turai ba zai ga sisi ba.

Ban manta da halin da muke ciki ba. Tun harin da aka kai mana Wurma a 2019, da abubuwan da suka biyo baya a wannan yanki, baƙo ba ya sha'awar biyo hanyarmu da yamma don kallon ƙwallon yara. Ba zan zargi mai neman 'yan wasa da ya tsaya Katsina ko Kano ba. Amma shi ya sa ma rubutu da bidiyo suka fi zama dole a gare mu fiye da yaran birni. Tunda ba za a zo a gan su ba, sai mu tara abin da za a aika. Ba na cewa a kawo mana tsarin Amurka, ƙwallonmu ba haka aka gina ta ba, kuma lissafi shi kaɗai ma yana yaudara, ƙwallo goma a ragar ƙungiyar da golanta ya zo da silifa ba komai ba ne. Abin da nake nufi ƙarami ne: littafi mai bango mai kauri a hannun sakataren kowace gasa, sunan yaro, ranar haihuwarsa ta gaskiya da takardar hukumar ƙidaya ko ta firamare, wasa nawa ya buga, da wa, minti nawa, ya ci nawa, ya bayar aka ci nawa. Da waya ɗaya a ɗaure a kan sanda tana ɗaukar wasan gaba ɗaya, ba yankan sakan talatin da ake sa wa kiɗa a TikTok ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, cike da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Ga Katsina United a filin wasa na Muhammadu Dikko, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba. In aka kai wa koci bidiyon wasa goma da lissafin kaka biyu, ko bai ɗauki yaro ba zai san ba wasa aka zo yi ba.

Ɗan Yayana ya kira ni shekaranjiya da dare. Ya ce, "Baba, wai ka ce ban iya ba?" Na ce na ce ba ka iya ba tukuna, kuma kada ka yar da "tukuna" ɗin. Na ce mashi ya ba ni kaka ɗaya. Ya riƙa buga bango da ƙafar hagu kullum bayan asuba, ya koyi ɗaga kai, ya faɗi shekarunsa na gaskiya, ni zan saya mashi takalmi in biya kuɗin motar zuwa atisaye Dutsin-Ma. Ya yi shiru, sannan ya ce mutumin ya ce in ba a biya kafin ƙarshen wata ba za a ba wani gurbin. Na ce a ba shi.

Yaya dai har yanzu bai ɗaga wayata ba. Wanda zai karɓi jinginar ya ce sai an cire amfanin gona, saboda haka ina da 'yan makonni. Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu akwai wasa a filin firamare da la'asar, zan zo da littafi da biro, kuma shafin farko na Tsoho ne, na biyu na ɗanmu. Ina neman wanda yake da waya mai kyamara mai kyau da batirin da zai kai minti casa'in, a Kurfi ko Dutsin-Ma. Ya yi min magana ta akwatin saƙo, kuɗin mai a kaina.